Kwanon Ciyayya

Shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, na kira taro a gidana. Taron na mutum biyu ne, ni da matata, amma sai da na gyara zama a kan kujera kamar alƙali, ita kuwa tana kan tabarma tana tsintar wake. Ni malamin firamare ne. A Gumel nake zaune, ina koyarwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Gagarawa. Albashin da a da yake kai mu ƙarshen wata da ɗingishi, a shekarar nan ko tsakiyar wata ba ya gani. 'Ya'yanmu uku, ga na huɗu a ciki.

Na ce mata daga yau komai na gidan nan kashi biyu ne, akwai dole akwai marmari. Dole za a yi ta ko ana ha-maza-ha-mata, marmari kuwa ya jira sai Allah ya hore. Na shiga rabo. Gero da dawa dole ne. Gishiri, daddawa da itace dole ne. Sabulun wanki dole, na wanka mai ƙamshi marmari. Shayi da madara da safe marmari ne, koko bai taɓa kashe kowa ba. Katin wayarta marmari ne, in mahaifiyarta tana son jin muryarta ai ita ma tana da waya. Anko kuwa na ce ko sunansa kada in ji. Nama ma na tura shi ɓangaren marmari, ina faɗa ina jin zafin abin a raina. Don kada a ce na yanke wa kowa ban yanke wa kaina ba, na jingine babur ɗina a zaure na rufe shi da tsohon buhu, na koma bin motar haya, in sauka a bakin titi in taka sauran da ƙafa.

Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗago kai daga farantin waken ba. Sannan ta ce, "Malam, kwanon waje fa? Shi a wane ɓangare yake?"

Na ce, "Wannan ai ba a maganarsa."

Kwanon waje shi ne na ciyayya. A layinmu mu huɗu ne muke haɗuwa a kan dakalin wani dattijo bayan sallar magariba, kowa da kwanon tuwon gidansa. Akwai dattijon da muke kira Baba, akwai wani tela, akwai wani direba mai jigila tsakanin Gumel da Maigatari, sai ni. A buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Gadon abin muka yi, mahaifina ma a kan dakalin nan ya ci tuwo da Baba. Ana cewa zumunci ne, kuma zumuncin ne, amma duk wanda ya taɓa zama a ciyayya ya san da wani abu bayan wannan. In an ɗaga murfin kwanonka, gidanka aka buɗe. Ba lalle wani ya ce komai ba, amma ido ba mudu ba, ya san kima.

Mako biyu bayan taron nan, kwanona ya fita da tuwon dawa da miyar kuka tsurarta, ba mai, ba ko ƙashi. Direban ba mugu ba ne, sai dai Allah ya yi shi da baki, ba ya iya ganin abu ya haɗiye. Ya kai loma ɗaya, ya dube ni ya ce, "Malam, yau miyar gidanka azumi take yi ne?" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, amma ta yaƙe ce. Baba ya ce masa, "Kai dai ci ka gode wa Allah," aka jawo kwanon tela, wanda ke da 'yan ƙasusuwa a ciki.

Da na shiga gida na sauke mata kwandon faɗa. Na ce ta kunyata ni a gaban mutane. Na ce ko me za a rasa a gidan nan, kada kwanon nan ya sake fita haka.

Ta ce, "To Malam, da me zan gyara? Kai ka ce nama marmari ne."

Na ce, "Ke kika san yadda mata suke yi. Matar tela da me take gyara nata?"

Na faɗa na wuce, washegari ma na manta na yi maganar. Halina ke nan, in na yi faɗa na huce, sai in ɗauka kowa ma ya huce.

Daga ranar kwanona bai sake fita tsirara ba. Tsoka huɗu ƙanana, kowa ɗaya, da ɗan mai yana kewaya miyar. Ban tambayi daga ina ba, don na san tana suyar awara da rana yaran unguwa suna saye, kuma ba sabon abu ba ne mace ta gyara miya da ribar sana'arta. Direba ya koma yabo. Shi lokacin an rufe bodar Maigatari, lodi ya yi ƙasa, kullum cikin ƙorafi yake cewa ko sefa ɗaya bai gani ba a ranar kasuwa. In aka buɗe kwanona sai ya ce, "Gidan Malam dai ba a ji labarin tsadar nan ba." Ni kuwa in yi murmushi in ce rufin asirin Allah ne. Ba zan ɓoye ba, maganar tana yi min daɗi ƙwarai.

Da cikin ya kai wata shida na raka ta awo, don ta fara cewa jiri yana ɗibarta. Malamar asibiti ta ja fatar idonta ƙasa, ta kira ni ta nuna min. Wurin da ya kamata ya yi ja, fari ne fat. Ta ce, "Maigida, matarka ba ta da isasshen jini. Ga ƙwayoyi za ta riƙa sha, amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. A ba ta hanta, a ba ta ƙwai, a yawaita mata zogale. In aka yi wasa, ranar haihuwa za a sha wuya."

Na tsorata ba kaɗan ba. Ina da buhun riɗi ɗaya da na ajiye don in sayi takin damina da shi. Na ba direba ya kai min Maigatari ranar Alhamis ya sayar. A ranar na ɗauke hanta daga marmari na mayar da ita dole, ita kaɗai, kuma don mutum ɗaya. Da yake da sassafe nake fita, ba na dawowa sai bayan la'asar, hanta kuwa da hantsi take ƙarewa a rumfar mahauta, sai na riƙa ba ta kuɗin a hannu kowace Litinin kafin in tafi. Na ce ta aika a sayo, ta ci ita kaɗai, kada tausayin yara ya sa ta raba.

Wata guda ya wuce ban ga canji ba. Daga ɗaki zuwa murhu sai ta tsaya ta yi haki. In na dawo na ce, "Kin ci hantar?" sai ta ce ta ci. Yaushe? Da hantsi, kana makaranta. Kullum amsar ke nan, kuma kullum idonta yana kan wani abu daban, ko tukunya ko kan yaro. Ran nan na ce ta tsaya, akwai wani abu a idonta in cire mata. Na ja fatar ƙasa yadda na ga malamar asibiti ta yi. Fari fat, har ya fi na da. Na ce mata na cire. Amma a raina na ce da walakin, goro a miya. Mutum ba zai ci hanta mako huɗu idonsa ya zauna haka ba.

Daga nan zargi ya shige ni, ya samu wuri ya zauna. Tun da ba cikinta kuɗin ke zuwa ba, to ina suke zuwa?

Wadda na fara zargi ita ce surukata, Allah ya yafe min. A Ɗanzomo take zaune, mijinta ya rasu, kuma na san 'ya mace da uwarta. Wata Asabar na ce zan je in gaishe ta, alhali bincike ya kai ni. Na durƙusa a bakin ƙofa muna gaisawa, tana daga ciki ta ja mayafi saboda kunyar suruki, ni kuwa idona yana yawo a tsakar gida kamar na mai karɓar haraji. Na ga sabuwar buta. Na ga wata 'yar fitila mai cajin rana an shanya ta a kan danga. Na ce a raina, yawwa, ga riɗina can yana shan rana. Da zan tafi ta sa aka miƙo min ƙullin daddawa da garin kuka da kwano guda na wake, ta ce, "Malam, a kai wa yara. A yi haƙuri da kaɗan, bana sai godiya." Na karɓa, kunya ta ɗan kama ni, amma kafin mota ta kai Gumel na riga na shawo kan kunyar. Na ce ai wanda ya ci da yawa ba ya jin ciwon mayar da kaɗan.

Sai kuma Baba ya ƙara min wata. Shi da yake wuni yake a dakali, ba abin da ke wuce shi a layin. Muna hira ya ce min tsohuwar nan mai dillanci ba ta fashin gidana ranar Litinin. Shi ya faɗa ne kawai, ni kuwa maganar ta tsaya min a rai. Litinin fa, ranar da nake ba da kuɗin. Dillaliya kuma kowa ya san kayanta: atamfa, mayafi, turaren wuta, kwanuka, da adashin da ba a gaya wa miji. Da aka yi hutun tsakiyar zango, ranar Litinin na fita da safe kamar mai zuwa wani wuri, na shige shagon tela na zauna inda nake hango ƙofar gidana. Ga ni malami guda, mai gemu, na laɓe a bayan keken ɗinki ina gadin gidana. Da hantsi sai ga ta da ƙullinta a ka. Ta shiga, ba ta daɗe ba ta fito. Na tare ta a kan hanya.

Na ce, "Iya, barka da hantsi. Me ake sayarwa ne a gidana?"

Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya ta ce, "Malam, harkar mata ce, ba ruwan maza." Ta gyara ƙullinta ta wuce.

Na ce shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Ranar da matata ta shiga maƙwabta barka, na shiga ɗakinta na buɗe akwati. Ina neman sabon zane, ko turare, ko takalmi. Ban ga komai ba sai tsofaffin atamfofin da na sani, da guntun sabulun wanki da take wanka da shi. Na ɗaga katifa, na laluba bayan madubi. Jeren samirun aurenta da ke ƙarƙashin gado ne kawai ban taɓa ba, don na san su tun ranar da aka kawo ta, ado ne, ba a sa komai a ciki. Rashin samun komai bai wanke ta a wurina ba. Cewa na yi wayonta ya fi nawa, kayan suna gidan dillaliya ana tara mata.

A cikin kwanakin nan ne tela ya ce min a wurin ciyayya, "Malam, yara sun ce an daɗe da daina awara a gidanka. Lafiya dai ko?" Ina riƙe da tsokata a hannu lokacin. Na jefa ta a baki na ce jiki ne ya yi nauyi. A zuciyata kuwa cewa na yi, ina za ta tsaya shan hayaƙi, tun da ga kuɗin hanta suna shigowa a sauƙaƙe.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, ko da ba zai yi min daɗi ba. Asabar da Lahadi ina gida. Ba abin da ya hana ni in taka rumfar mahauta da kaina in sayo hantar, in zauna ta ci a gabana. Tunanin ya zo min ba sau ɗaya ba. Ban yi ba, saboda a lokacin na fi son in kama ta a kan in gyara ta. Ina ba da kuɗin ranar Litinin kamar mai ɗana tarko.

Wata Juma'a da yamma abin ya ci ni na kasa riƙewa. Tana zaune a bakin murhu tana tuƙa tuwo, tana yi tana hutawa. Na kori yara waje na tsaya a kanta.

Na ce, "Kuɗin hanta ina suke zuwa?"

Ta ce, "Ban kashe maka ko kwabo a banza ba, Malam."

"Ban tambaye ki banza ko wofi ba. Riɗin takina na sayar, gonata za ta kwana da yunwa bana saboda ke. Idonki ga shi nan kamar takarda. Anko ne, ko adashi? Ko Ɗanzomo ake aikawa?"

Da na ambaci Ɗanzomo ta saki muciya ta ɗago kai. Tun da muka yi aure ba ta taɓa yi min irin wannan kallon ba. Ta ce, "Inna ba ta taɓa cin sisinka ba. Ka faɗi duk abin da za ka faɗa a kaina, amma ka cire ta a ciki." Sai hawaye. Ni kuwa na ɗauki hawayen a matsayin shaida, na ce ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Aka kira magariba. Da na dawo daga masallaci ta riga ta kwashe, ta dafa bango ta miƙe, ta miƙo min kwanona. Na karɓa na fita. A kan dakali na ci tsokata, na suɗe yatsu, na kuma ba su Baba lacca a kan mata. Na ce mata ba su san dole ba, marmari kawai suka sani.

Larabar da ta biyo baya ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Tela ne. Ya ce matata ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, matarsa ce ta ji ihun yara ta shiga, kuma Allah ya sa direba bai fita ba, sun kai ta asibiti a motarsa. Ban san yadda na kai bakin titi ba. Na hau acaɓa tun daga can har Gumel, ban ko tambayi kuɗin ba, ni da nake taka ƙasa don in rage na mota.

Na same ta a kwance an sa mata ruwa, leɓɓanta sun yi fari. Aka ce min jininta ya yi ƙasa sosai, ga ciki wata takwas, sai an ƙara mata leda biyu, in nemo masu bayarwa. Zan juya ke nan ta yafuto ni da hannu. Na sunkuya.

Ta ce, "Malam, magariba ta kusa?"

Na ce, "Ko la'asar ba a yi ba. Ki kwanta ki huta."

Ta ce, "Naman yau yana cikin farar samira, ta ƙarshe a ƙarƙashin gado. Ka ce wa matar tela ta sa huɗu a kwanonka. Kada ta wuce huɗu, don ya kai Lahadi."

Na ce, "Wane nama?"

Ta lumshe ido ta ce, "Wanda kuke ci."

Na ce awara fa, ba da ribar awara take saye ba? Ta ce tun kafin mu je awo waken suya da mai suka cinye jarin, ta kife kasko. Ɗan dillaliya mahauci ne, ita ke kawo mata nama na kuɗin hantar ranar Litinin a cikin ƙullinta. Hanta ba ta ajiyuwa, shi ya sa take karɓar tsoka ta soya ta yi ƙarau, ta yanka ƙanana yadda za ta kai mako.

Na ce, "Don Allah me ya hana ki faɗa min?"

Ta buɗe ido ta dube ni. Sannan ta ce, "Da na faɗa, na san cewa za ka yi in ci. Sannan ka fita da kwano a yi maka dariya, ka shigo min da fuska a murtuke. Ni kuma a gidan nake kwana, Malam. Kai ka ce ko me za a rasa."

Maganata ce, ba ƙari ba ragi. Ni na manta da ita tun washegari, ita kuwa ta riƙe ta wata da watanni tana aiki da ita. Kunya ta rufe ni, da tsoro, da haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba. Na fita neman jini.

Ba nisa na je ba, tela da direba suna zaune a kan benci a waje. Aka gwada mu. Nawa ya yi, na direba ya yi. Tela kuwa aka ce shi ma nasa bai isa a ɗiba ba, ya koma ya zauna yana sosa ƙeya. Muna kwance ni da direba a gadaje biyu ana ɗiba, ya juyo ya ga fuskata, ya so ya ba ni dariya. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Jinin nan ai rabinsa naman gidanka ne, in an ɗiba ba a yi asara ba." Bai san komai ba, bakinsa ne kawai irin na kullum. Na juya fuskata bango.

Bayan la'asar, da aka ce ta samu barci kuma matar direba za ta zauna da ita, na koma gida don in ɗauko mata kaya. Na durƙusa na jawo samirun. Ta ƙarshen, farar, ta fi sauran nauyi. A ciki ga 'yan ƙulle-ƙullen leda, kowanne da soyayyar tsoka huɗu, ba wadda ta fi kan babban yatsa. A bayan madafa na ga kaskon awara a kife, har tsatsa ta fara cinsa. Kullum ina wucewa ta gabansa in zan yi alwala.

Na kira yara na kwance ƙullin duka na zuba musu a faranti. Ba wanda ya miƙa hannu. Babbar, mai shekara tara, ta ce, "Na kwanon waje ne, Baba. Umma ta ce ba a taɓawa." Sai da na rantse musu cewa ni na ba su sannan suka ci. Yadda suka ci ɗin ya gaya min tun yaushe rabonsu da nama.

Matar tela ce ta tuƙa mana tuwo a ranar. Na ce ta zuba min miyar yadda take, kada ta ƙara komai. Bayan magariba na ɗauki kwanon na fita. Direba ya ɗaga murfi, ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi. Na gaya musu duka, tun daga ranar miyar da ta yi azumi har zuwa farar samira. Ban rage komai ba, har zuwana Ɗanzomo da laɓewata a shagon tela. Direba ya mayar da murfin a hankali, ranar na fara ganin bakinsa ya mutu.

Baba ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "Malam, ni da mahaifinka mun yi shekarar da muka ci tuwon dusa a kan dakalin nan. Abin da ya sa ake fito da kwano, don wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya ci ya ƙoshi ba tare da kowa ya sani ba. Ban san lokacin da kuka mayar da shi wurin duba nama ba. Ni ma da nake ci ban tambaya ba, Allah ya yafe mana."

Sai tela ya sunkuya. Ya buɗe kwanonsa, ya daɗe yana kallon 'yan ƙasusuwan da ke ciki. Sai ya rufe, ya ɗauka, ya shige gidansa da shi. Mu uku muka ci miyar kukata tsurarta.

Bayan mako uku ta haihu, mace, 'yar ƙarama kamar a sa a aljihu, amma da ranta da lafiyarta. Uwar ta daɗe ba ta murmure ba. Zargin anko da adashi ta yafe min da wuri, har takan tsokane ni da shi. Maganar mahaifiyarta ce ta daɗe a tsakaninmu, kuma ban ga laifinta ba. Da surukata ta zo wankan jego, da 'yar fitilarta mai cajin rana ta zo, ashe ƙanin matata ne ya sayo mata. Kwana arba'in fitilar nan tana tsakar gidana ina kauce mata da ido.

Har yanzu muna ciyayya. Wata rana da nama, yawanci babu, kuma direba ya koyi cin tuwo da bakinsa a rufe. Gonar ba ta samu taki ba a shekarar, geron ya fito siriri, muka ci haka. Hanta kuwa ni nake sayowa da kaina ranar Asabar, in zauna a bakin murhu har sai ta cinye. Tana cewa na zama namiji mai leƙen tukunya, za ta kai ƙarata wurin Baba. Na ce ta kai.

Zargin dai bai bar ni ba, ban kuma ce ina so ya bar ni ba. In aka buɗe kwanon wani a dakali na ga tsoka, sai na ji hannuna ya yi nauyi, ina tunanin daga bakin wa aka cire ta. A gida kuma in ta miƙo min abinci na ce ina nata, ta ce ai ta riga ta ci, ba na yarda. Jiya ma haka ta ce. Na ajiye kwanon na ce ta matso da idonta in gani.